*Ibid.* da Ƴan'uwansa: Tarke a kan Amfani da Taƙaitattun Kalmomin Latin a Kundayen Ɗaliban Hausa

1.0 Gabatarwa

A duk ƙarshen shekarar karatu, idan kundayen ɗalibai suka taru a kan teburin malami, akwai wasu ƴan baƙi da ba a rasa su a ƙasan shafi ko a cikin baka biyu. Su ne *ibid.* da *op. cit.* da *cf.* da *et al.* da *etc.* da ire-irensu. Ɗalibi zai rubuta kundinsa da Hausa tun daga godiya har zuwa kammalawa, amma da ya zo nuna inda ya samo magana sai ya koma ga harshen da bai taɓa zama a aji ya koya ba. Idan aka tambaye shi ma'anar abin da ya rubuta, amsar da aka fi samu ita ce haka ya gani a kundin wani da ya riga shi. Shi ma wancan haka ya gani a na wani.

Manufar wannan takarda ita ce yin tarke a kan yadda ake amfani da waɗannan taƙaitattun kalmomi a kundayen da ake rubutawa da Hausa, musamman a sassa irin namu, inda ɗalibi ke karanta littattafan Faransanci da na Ingilishi a lokaci guda. Za a dubi asalinsu, a fito da kurakuran da suka fi yawa, sannan a auna wanne ya cancanci zama a rubutun Hausa, wanne kuma ya kamata a sallama. Misalan da aka kawo an gina su ne bisa irin abin da ke biyowa ta hannuna wajen duba kundaye. Sunayen littattafan na gaskiya ne, lambobin shafuka kuwa na misali ne kawai.

Wani zai ce ai wannan ƙaramin abu ne da bai kai a rubuta takarda a kansa ba. Na taɓa zama a wajen kare wani kundi inda mai jarrabawa ya ɗauko wata magana game da azuzuwan aikatau, ya bi bayanin ƙasan shafi, ya ga *ibid.*, ya ɗaga ido zuwa bayanin da ke samansa, sai ya tarar da littafi a kan waƙar baka. Ya tambayi ɗalibar a wane shafi ne wannan littafi ya yi zancen aikatau. Ta rasa amsa. Nan take zargi ya hau kanta cewa ƙirƙirar madogara ta yi. Sai da aka nemo tsohon kwafin aikin aka gane abin da ya faru. Da can bayanin da ke sama na Parsons ne, daga baya aka ce ta ƙara wani madogara, ta saka shi tsakanin bayanan biyu, *ibid.* ya zauna inda yake yana nuna wanda ba shi ba. Ba ta yi ƙarya ba, amma kalma ɗaya ta kusa jawo mata asarar shekara.

2.0 Asalin Waɗannan Kalmomi

Latin shi ne harshen ilimi a Turai na tsawon ƙarnuka, kamar yadda Larabci yake a wajen malamanmu. Da shi Newton ya rubuta babban littafinsa na 1687, da shi kuma Linnaeus ya fitar da tsarinsa na rarraba halittu a 1735. Kafin zuwan injin ɗab'i, a kan fata ake rubutu, fata kuwa tana da tsada, saboda haka magatakarda suka riƙa gajarta duk kalmar da ke yawan maimaituwa. Gajarce-gajarcen sun yi yawan da sai da Adriano Cappelli ya tattara su a ƙamus guda, wanda aka buga a Milan a 1899, mai ɗauke da fiye da 10,000. Da masana suka koma rubutu da harsunansu na gida, sai suka bar Latin amma suka riƙe kaɗan daga cikin alamominsa. Ragowar ke nan muke gani a yau.

Wannan al'ada ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatun zaure. A littattafan Larabci akan rufe maganar da aka ɗauko daga wani da alamar اهـ, wato *intaha*, magana ta ƙare. Akan rubuta إلخ a madadin *ila ahirihi*. Idan mai kwafa ya ci karo da kalmar da yake shakka, yakan rubuta كذا a kanta, wato haka na same ta, kuma daga wannan kalma ce Hausa ta samo "kaza". Fairuzabadi, mai littafin Alƙamus wanda daga sunansa muka sami kalmar "ƙamus", ya yi amfani da haruffa ɗaiɗai don nuna jam'i da sunan gari da sunan wuri. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya aika wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙa, ya ba kowane littafin hadisi harafinsa a cikin *Jami'us Sagir*. Abin lura shi ne dukkansu biyu sun bayyana ma'anar alamominsu a gabatarwar littattafansu. Alama yarjejeniya ce tsakanin marubuci da mai karatu. Idan ɗaya daga cikinsu bai san sharaɗin ba, yarjejeniyar ta warware. A kundayenmu kuwa, sau da yawa marubucin ne da kansa bai sani ba.

3.0 Kurakuran da Suka Fi Yawa

3.1 *Ibid.* da *Idem*

*Ibid.* gajarcen *ibidem* ne, ma'anarsa "a nan wurin dai". Yana nuni ne ga bayanin da ke samansa kai tsaye, ba ga wanda ya wuce da shafi uku ba. Dubi wannan:

(1) 12. Galadanci, *An Introduction to Hausa Grammar*, sh. 40.
13. *Ibid.*, sh. 44.
14. *Ibid.*

Bayani na 13 yana cewa littafin Galadanci dai, amma shafi na 44. Na 14 yana cewa littafin dai, shafin dai, wato 44. Wannan daidai ne. Kurakurai uku ake yi a nan. Na farko, a sa *ibid.* bayan bayanin da ya ambaci littattafai biyu ko uku, mai karatu ya rasa wanne ake nufi. Na biyu, a sa shi a cikin baka biyu a tsakiyar rubutu, a kundin da ke bin tsarin suna da shekara, alhali a wannan tsari ba shi da mazauni ko kaɗan. Na uku shi ne wanda ya faɗa wa ɗalibar da na ambata. A zamanin da ake buga kundi da tafireta, jerin bayanai ba ya motsi da zarar an buga. A kwamfuta kuwa ana ɗaga sakin layi daga babi zuwa babi, ana ƙari ana ragi har daren miƙa aiki. Kwamfuta tana gyara lambobin bayanai da kanta, amma ba ta gyara *ibid.* ɗin da aka buga da hannu.

*Idem*, wanda ake gajartawa *id.*, ma'anarsa "shi dai", kuma marubuci yake wakilta, ba littafi ba. Ana sa shi idan marubucin bai canza ba amma littafin ya canza. Idan marubuciya ce, kalmar Latin ita ce *eadem*. Ɗalibai da dama sun ɗauka *idem* da *ibid.* abu ɗaya ne, suna musanya su don kawai kada a ce sun cika maimaici.

3.2 *Op. cit.* da *Loc. cit.*

*Op. cit.* daga *opere citato* yake, wato "a cikin aikin da aka riga aka ambata". Sunan littafi kawai yake maye wa gurbi, saboda haka dole sunan marubuci ya zo kafinsa. *Op. cit.* tsurarsa ba ya nuna komai. Ko da an sa sunan, matsala ba ta ƙare ba:

(2) 57. Newman, *op. cit.*, sh. 112.

Wane Newman, kuma wane aiki? Paul Newman yana da babban littafin nahawu na 2000, yana da ƙamus na 2007. Shi da Roxana Ma Newman sun fitar da ƙamus a 1977. Ita kuma tana da nata ƙamus na Ingilishi zuwa Hausa na 1990. Kundin da ke nazarin harshen Hausa da wuya ya rasa biyu daga cikin waɗannan. Mai karatu zai koma baya yana bin bayanai 56 ɗaya bayan ɗaya, ƙarshe ma ya ƙare da kintace. Da an rubuta "Newman 2000, sh. 112", da an hutar da shi.

*Loc. cit.* daga *loco citato* yake, "a gurbin da aka ambata", wato littafin da shafin duka. Saboda haka rubuta *loc. cit.* a bi shi da lambar shafi tufka da warwara ne. Duk da haka ana ganinsa a kundaye.

3.3 *Et al.* da *Etc.*

*Et* cikakkiyar kalma ce, ma'anarta "da", don haka ba a sa mata aya. *Al.* ne gajarcen *alii*, "wasu", shi ne mai aya. Siffar da ta dace ita ce *et al.*, amma a kundaye akan ga *et. al* da *etal* da *et all*. Akan kuma ga "Wane da *et al.*", wato "wane da da wasu". Har ila yau, tunda mutane da yawa ake nufi, wakilin suna jam'i ya kamata ya biyo. "Wane *et al.* ya ce" kuskuren nahawu ne, "sun ce" ya dace.

Kuskuren da ya fi waɗannan nauyi shi ne sa *et al.* ga littafin mutum biyu. Kraft da Kirk-Greene (1973) mutum biyu ne, haka Cowan da Schuh (1976). Tsarin APA, a bugunsa na bakwai da ya fito a 2019, daga marubuta uku yake fara gajartawa. Wannan ba zancen ƙa'ida kaɗai ba ne, zancen haƙƙi ne. Ƙamus ɗin da muke kira na Abraham, a bugunsa na farko na 1949 yana ɗauke da sunan Malam Mai Kano tare da nasa. A bugu na biyu na 1962 sunan Abraham kaɗai ya rage. Ɗalibin da ya yi amfani da bugun farko ya rubuta "Abraham *et al.*" ya ƙara binne sunan Bahaushen da ya yi aikin, ba tare da ya sani ba.

*Etc.* daga *et cetera* yake, "da sauran abubuwa". Kalma biyu ce, ba uku ba, don haka *e.t.c.* kuskure ne, haka ma *ect.* Tunda "da" tana cikinsa, "da *etc.*" maimaici ne. A ƙa'ida don abubuwa ake sa shi, mutane kuwa nasu *et al.* ne. Amma babban aibinsa yana ga yadda ake fakewa da shi:

(3) Kare-karen harshen Hausa sun haɗa da Kananci, Sakkwatanci, *etc.*

Idan aka ce Litinin, Talata, Laraba da sauransu, kowa zai iya ƙarasawa. A misali na (3) kuwa, abin da aka ɓoye a cikin *etc.* shi ne ainihin abin da mai jarrabawa yake son ya ga ko ɗalibi ya sani. Ina Adaranci, ina Arewanci, ina Gobiranci da Damagaranci? Ƙa'idar ita ce, kada a ce "da sauransu" sai inda mai karatu zai iya kawo sauran da kansa. Wannan ya shafi "d.s." na Hausa kamar yadda ya shafi *etc.* na Latin.

3.4 *E.g.* da *I.e.* da *Cf.*

*E.g.* daga *exempli gratia* yake, wato "alal misali". *I.e.* daga *id est* yake, ma'anarsa "wato". Na farko yana kawo kaɗan daga cikin da yawa, na biyu yana kawo abin gaba ɗaya ko ya sake faɗinsa ta wata hanya. Musanya su yana canza ma'ana:

(4) Haruffan wasali a rubutun boko biyar ne, *e.g.* a, e, i, o, u.

(5) Hausa tana da baƙaƙe masu ƙugiya, *i.e.* ɓ da ɗ.

Jimla ta (4) ta ce biyar ne, ta lissafa duka biyar, sannan ta kira su misali, kamar akwai wasu a baya. Jimla ta (5) tana cewa masu ƙugiya biyu ne tak, an zubar da ƙ da ƴ. Da ɗalibin ya rubuta "wato" da "misali", ba zai taɓa yin wannan kuskure ba, domin kunnensa zai hana shi. Latin ne ya raba shi da kunnensa.

*Cf.* daga *confer* yake, ma'anarsa "kwatanta". A nan akwai bambanci tsakanin al'adun rubutu biyu da muka gada. A rubutun Faransanci an saba sa *cf.* da ma'anar "duba". A rubutun Ingilishi kuwa, littattafan ƙa'ida sun keɓe shi ga inda ake son mai karatu ya gwada magana da wata wadda ta bambanta da ita. Ni kaina sai da na je karatu waje aka zagaye mini *cf.* da jan biro a shafi bayan shafi kafin na gane haka. Ga inda ya zauna daidai:

(6) An kasa aikatau na Hausa zuwa azuzuwa bakwai (Parsons 1960, *cf.* Newman 1973).

Parsons ne ya kawo tsarin azuzuwa bakwai, Newman kuma a 1973 ya kawo wani tsari daban. To, idan ɗalibi ya sa *cf.* a gaban littafin da ya ɗauko maganar daga cikinsa, mai jarrabawa ɗaya zai fahimci "duba", ɗaya kuma zai fahimci cewa maganar ta ɗalibin ce, littafin kuwa don gwadawa aka kawo shi. Daga nan zuwa zargin satar fasaha ba nisa. Hausa ta raba gardamar, domin tana da "duba" tana da "kwatanta da".

3.5 *Sic*

*Sic* ba gajarce ba ne, cikakkiyar kalma ce mai ma'anar "haka", saboda haka ba ta da aya. Ana sa ta a cikin baka biyu masu kusurwa, bayan kalmar da mai karatu zai iya zaton kuskuren mai kwafa ne, don a ce masa haka take a asali. Aikinta ɗaya da *kaza* ta malaman zaure.

Kuskuren da ake yi da ita a fagenmu iri biyu ne. Na farko shi ne sa ta ga tsohuwar ƙa'idar rubutu. Schön ya rubuta *Haussa* a sunan littafinsa na 1843. Edgar ya sa wa tarin da ya buga tsakanin 1911 da 1913 suna *Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa*, da *t* guda. Waɗannan ba tuntuɓen alƙalami ba ne, rubutun zamaninsu ne, kafin a daidaita ƙa'ida. Jimla ɗaya a gabatarwa, cewa an bar tsofaffin matani yadda aka same su, ta wadatar.

Na biyu ya fi muni. Ɗalibi ya je ƙauye a ƙasar Adar ko Gobir ya ɗauko tatsuniya daga bakin tsohuwa. Ta ce "hwari", ta ce "shina zuwa", ta ce "ɗiyata". Ya zo rubutawa sai ya bi kowace kalma da *sic*. Ma'anar abin da ya yi ita ce tsohuwar ba ta iya Hausa ba. Alhali ita ce madogararsa, kuma irin wannan Hausa ce Bernard Caron ya rubuta littafi sukutum a kanta a 1991. Karin harshe ba kuskure ba ne. Ɗalibin harshe da ya sa wa karin garinsu *sic* ya nuna bai fahimci darasin farko na fanninsa ba.

3.6 Alamomin Shekara

*Ca.* ko *c.* daga *circa* yake, wato "wajajen" ko "kimanin". Ana barinsa inda ake bukatarsa, ana sa shi inda ba a bukata. Za a ga an rubuta cewa Bagauda ya fara sarauta a 999, ba tare da wata alama ba. Wannan shekara lissafi ne da Palmer ya yi daga tsawon mulkin sarakuna, a fassarar Tarihin Kano da ya buga a 1908. A nan "wajajen" ya zama dole. A gefe guda kuma za a ga an ce Nijar ta sami mulkin kai *ca.* 1960, abin da aka san ranarsa, 3 ga Agusta.

*A.D.* da *A.H.* su ma Latin ne, *anno Domini* da *anno Hegirae*. Hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu ta auku a 1804, daidai da 1218 ta Hijira. Wasu sukan rubuta 1218 B.H. da nufin "bayan Hijira". A kundin da ke cakuɗe da alamomin Turai wannan yana da haɗari, domin a rubutun Ingilishi B.H. kafin Hijira yake nufi. Rubuta "1218 H." da "1804 M." ya fi tsafta.

Akwai kuma *s.d.* da *s.l.* da ake gani a manazartar littattafan Faransanci, wato babu shekarar bugu, babu wurin bugu. Masu nazarin ƙananan littattafan ajami da na kasuwa suna yawan bukatarsu. Sai dai *s.d.* da "d.s." haruffa biyu ne da aka juya, kuma na sha ganin an sa ɗaya a gurbin ɗaya. "Babu shekara" ya fi su fitowa fili.

3.7 *S.v.* da *Passim* da *Sq.*

Waɗannan ba kasafai ɗalibai ke rubuta su ba, amma suna cin karo da su. *S.v.* daga *sub verbo* yake, "a ƙarƙashin kalmar". Da shi ake nuni ga ƙamus. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya haura shafi 1,200, kuma wanda ke duba shi a intanet ba shafi yake bi ba, kalma yake nema. Don haka ambaton kalmar ya fi ambaton shafi amfani. *Passim* cikakkiyar kalma ce, "nan da can", ana sa ta idan batu ya bazu a cikin littafi. Idan magana ɗaya tak aka ɗauko, *passim* hanyar gudun neman shafi ce kawai. *Sq.* da *sqq.* na nufin shafin da ke biye, ko shafukan da ke biye. Faɗin inda aka fara da inda aka tsaya, kamar sh. 40–46, ya fi nuna an karanta.

4.0 A Riƙe Latin ko a Koma Hausa?

Masu goyon bayan riƙe waɗannan alamomi suna da hujjoji uku, kuma ba na banza ba ne. Ta farko, alamomin na kowa ne. Ɗalibin da zai karanta Caron da Faransanci, Wolff (1993) da Jamusanci, Jaggar (2001) da Ingilishi, zai tarar da wasunsu a ko'ina. Ta biyu, suna rage tsawon rubutu. Ta uku, gajarce-gajarcen Hausa ba su daidaita ba, wani ya rubuta "sh.", wani "shf.", wani "d.s.", wani "ds".

Hujja ta farko gaskiya ce, amma karatu ta shafa. Wajibi ne ɗalibi ya iya karanta su duka, shi ya sa aka bayyana su a sama. Iya karanta abu bai wajabta rubuta shi ba. Hujja ta biyu ba ta tsaya ba idan aka ƙirga. "Wato" bugu huɗu ne a kwamfuta, *i.e.* ma huɗu ne. "Duba" ya ɗara *cf.* da ɗaya, "da wasu" ya ɗara *et al.* da ɗaya. Fata ce ta yi tsada a wancan zamani, mu kuwa ba a kan fata muke rubutu ba. Hujja ta uku aiki ce da ke jiran sashe, ba dalilin ci gaba da aro ba.

Bugu da ƙari, su kansu masu abin suna janye jiki daga gare shi. Tsarin APA ba ya amfani da *ibid.* ko *op. cit.* Jagoran rubutu na Jami'ar Shikago ya daɗe da barin *op. cit.* da *loc. cit.*, kuma a bugunsa na 17, na 2017, ya fifita gajeren ambaton suna da littafi a kan *ibid.* Dalilin shi ne wanda muka gani, wato alamar da ta dogara da maƙwabcinta tana lalacewa da zarar maƙwabcin ya tashi.

Laifin bai tsaya ga ɗalibai ba. Mu malamai mun yi karatu a wurare daban-daban. Wani ya saba da bayanin ƙasan shafi irin na Faransa, wani ya saba da suna da shekara irin wanda aka fi bi a jami'o'in Nijeriya. Ɗalibi yakan bi ta hannun duka biyun, kowa ya gyara masa zuwa nasa, sai kundi ya fito rabi wannan rabi wancan. Kuma ba kasafai muke ware awa ɗaya mu koyar da abin ba. Mukan bar ɗalibi ya kwaikwayi tsofaffin kundaye, sannan mu hukunta shi ranar karewa a kan abin da ba mu koya masa ba. Akwai kuma wani abu da ya kamata a faɗa. Wasu suna sa Latin ne don ado, suna ganin shafin da ya cika da *op. cit.* ya fi kama da na masana. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Mai jarrabawa da ya san aikinsa, a daidai waɗannan wurare yake fara gane wanda ya buɗe littafi da wanda ya kwafo madogara daga kundin wani.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, ana iya kasa waɗannan alamomi gida uku. Kashi na farko su ne waɗanda Hausa ke da madadinsu a shirye. A sa "wato" a gurbin *i.e.*, "misali" a gurbin *e.g.*, "da sauransu" a gurbin *etc.*, "da wasu" a gurbin *et al.*, "wajajen" a gurbin *ca.*, "duba" ko "kwatanta da" a gurbin *cf.*, "ƙarƙashin kalmar" a gurbin *s.v.*, "haka yake" a gurbin *sic*. Kashi na biyu su ne waɗanda ya fi kyau a bari gaba ɗaya, wato *ibid.* da *idem* da *op. cit.* da *loc. cit.* Waɗannan ba fassara suke bukata ba, domin "kamar na sama" zai lalace ta hanyar da *ibid.* ke lalacewa. Suna da shekara da shafi sun isa. Kashi na uku su ne waɗanda ke cikin maganar da aka ɗauko daga wani. Waɗannan a bar su yadda marubucin ya sa su.

Ɗalibin da aka wajabta wa bin tsarin da ke amfani da *ibid.*, ko wanda ke rubutu da Faransanci ko Ingilishi, sai ya kiyaye abu biyu. Ya rubuta cikakken madogara a kowane bayani muddin yana kan gyara, kada ya mayar da ko ɗaya *ibid.* sai aiki ya kammala. Sannan ya ware shafi a farkon kundi ya jera duk alamomin da ya yi amfani da su tare da ma'anarsu, kamar yadda Suyuɗi da Fairuzabadi suka yi. Sashe kuma ya kamata ya zauna ya fitar da takarda guda mai ɗauke da tsarin da ya amince da shi da gajarce-gajarcen Hausa da ya zaɓa, a raba wa kowane ɗalibi tun a shekarar farko.

Kafin a miƙa kundi, akwai gwaji mai sauƙi. Ɗalibi ya karanta bayanan ƙasan shafinsa da ƙarfi, duk inda ya iso ga alamar Latin ya faɗi ma'anarta da Hausa, ya kuma faɗi sunan littafin da take nuni gare shi ba tare da ya juya shafi ba. Inda ya iya, alamar tana aikinta. Inda ya tsaya yana laluben baya, a nan mai jarrabawa zai tsaya, don haka gara ya gyara tun yanzu.